Duwatsun Sama da Gidajen da Suka Ajiye Su

A watan Yuli na shekarar 2025 rediyo ya ba da labarin wani dutse da aka tsinta a jihar Agadas, aka kai shi birnin Niyok na Amurka, aka yi gwanjonsa a kan dalar Amurka miliyan 5 da dubu 300, watau kimanin miliyar 3 na kuɗin sefa. Ran Lahadi da ta biyo baya yaran ajin katikizim ba su bar ni na fara darasi ba. Wani ya ce, "Malam, wai da gaske daga sama ya faɗo?" Wata kuma ta ce, "To in daga wurin Allah ya zo, yaya aka yi aka sayar da shi?" Na amsa musu gwargwadon abin da na sani a ran nan, amma na koma gida zuciyata ba ta kwanta ba. Tun daga lokacin na shiga bin tarihin irin waɗannan duwatsu da gidajen da ke ajiye su, abin da na samu kuwa shi ne nake so in shimfiɗa wa 'yan'uwa a nan.

Mu Hausawa ba baƙi ba ne ga zancen dutsen da ya faɗo daga sama. Kakata tana da wani baƙin dutse mai santsi, mai baki kamar na gatari, tana ajiye shi cikin ƙwarya a ƙuryar ɗaki. Gatarin aradu ne, in ji ta, tsawa ce ta jefo shi. Turawa ma haka suka gaskata shekaru aru-aru game da irin waɗannan duwatsu. Wani likitan Paparoma mai suna Mikele Merkati, wanda ya tara duwatsu masu yawa a Batikan a ƙarni na 16, yana cikin na farko da suka duba su da kyau suka ce aikin hannun mutum ne, gatura ne da kan mashi na mutanen da suka rayu kafin a san ƙira. Littafinsa bai fito ba sai 1717, shekara fiye da 120 bayan rasuwarsa. Ashe dai kakata ta yi kuskure a kan dutsenta, amma ba ta yi kuskure ba da ta ce dutse yana iya faɗowa daga sama. Masana ne suka daɗe suna musun wannan, talakawa kuwa suna faɗa.

Mai karanta Littafi Mai Tsarki zai tuna da hargitsin da aka yi a Afisa saboda wa'azin Bulus, cikin Ayyukan Manzanni sura 19, sa'ad da maƙeran azurfa suka ga sana'arsu za ta mutu. Da magatakardan gari ya tashi kwantar da taron, ya tuna musu cewa birninsu ne ke tsaron haikalin Artimas da kuma abin nan da ya faɗo daga sama. Masana da yawa suna ganin dutsen sama ne Afisawa suka ajiye suna yi wa sujada. Wannan ita ce hanya ta farko da ɗan Adam ya bi da waɗannan duwatsu: ya ji tsoronsu, ya mai da su abin bauta.

Kiristocin Turai ma ba su kuɓuta daga wani abu mai kama da haka ba. Ran 7 ga Nuwamba 1492, da hantsi, mutanen wani gari mai suna Ensishaim, a yankin Alzas da ke cikin Faransa yanzu, suka ji ƙara mai tsanani, sai ga dutse mai nauyin kilo 127 ya nutse cikin gonar alkama. Kafin hukuma ta iso, mutane sun riga sun fara fasa gefensa, kowa yana ɗibar ɗan guntu domin neman albarka. Sarki Maksimiliyan ya zo da kansa ya gani, ya ɗauke shi alama ce cewa Allah yana tare da shi a yaƙinsa da Faransawa, ya kuma ba da umarni a rataye dutsen cikin majami'ar garin. Nan ya zauna shekara 300. A zamanin juyin juya halin Faransa aka cire shi aka kai wani gari, aka ƙara yankan rabo daga jikinsa. Abin da ya rage yana Ensishaim har yau, bai kai rabin nauyinsa na farko ba. Duk da haka ina ganin majami'ar nan ta yi aiki nagari ko da ba da niyya ba, gama da an bar dutsen a hannun jama'a da ko ƙwaya ba ta rage ba. Shi ne dutse mafi daɗewa a Turai wanda aka ga faɗuwarsa, aka rubuta ranar, kuma yana nan ana ganinsa.

Yanzu sai mu tafi Fulorans ta ƙasar Italiya, domin can ne labarin nan zai koma ya haɗu da namu. Gidan Medici, waɗanda suka mulki birnin, sun kasance masu tara abubuwan ban mamaki, har da duwatsu masu daraja da kofuna da aka sassaƙa daga dutse. Da fari abin nuna arziki ne kawai, kamar yadda attajiri ke tara dawaki. A 1666 wani saurayi likita ɗan ƙasar Danmak, Nikolas Siteno, ya zo fadarsu. A watan Oktoba na wannan shekara masunta suka kama wani ƙaton kifin teku mai cin mutane kusa da Liborno, sarki ya sa aka kawo masa kan kifin domin ya feɗe ya bincika.

To, a zamanin nan akwai wasu duwatsu masu kusurwa uku da ake haƙowa da yawa a tsibirin Malita, ana kiransu harsunan dutse. Wasu suka ce daga sama suke faɗowa a daren da babu wata. Mutanen Malita kuwa suka danganta su da Manzo Bulus, suka ce harsunan macizai ne da suka zama dutse bayan macijin nan ya sare shi bai yi masa lahani ba. Ana sayar da su a matsayin maganin dafi. Siteno ya ɗauki haƙoran kifin ya jera su kusa da harsunan dutse, sai ya ga abu ɗaya ne. Daga nan tambaya ta taso masa: yaya aka yi haƙorin kifin teku ya shiga cikin dutse a kan tudu? Ya bi tuddan Toskana yana duba yadda ƙasa take kwance hawa-hawa, a 1669 ya fitar da ɗan littafin da ake lissafa shi cikin tushen ilimin duwatsu. Abin da ya faɗa ba zai ba mai haƙar rijiya a ƙasarmu mamaki ba: yashi da laka suna kwanciya ne a hankali a ƙarƙashin ruwa, wanda ke ƙasa ya riga na bisa kwanciya, abin da aka samu a cikin kowane hawa kuma yana ba da labarin lokacinsa. Ya kuma lura cewa dutsen ƙanƙara mai fuska shida, ƙarami ne ko babba, daga kowace ƙasa ya fito, kusurwar da ke tsakanin fuskokinsa ba ta sākewa.

Wani aikin da Siteno ya yi wa gidan Medici ba shi da suna kamar wannan, amma ni ya fi taɓa ni. Ya zauna ya rubuta jerin duwatsun da suka tara, ɗaya bayan ɗaya. Daga ranar da aka yi haka tarin ya fara tashi daga kayan ado ya zama kayan karatu.

Mutumin nan an haife shi cikin ɗariƙar Luta, ya shiga Katolika a 1667, ya zama fada a 1675, bayan shekara biyu aka naɗa shi bishop aka aike shi arewacin Jamus. Ya bar binciken duwatsu, ya yi zaman talauci ƙwarai, ya rasu a 1686 yana da shekara 48. An maido da gawarsa Fulorans aka binne a majami'ar San Lorenzo, a 1988 kuma Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya sa shi cikin masu albarka. Na faɗi wannan ne saboda akwai 'yan'uwa a cikinmu da ke jin tsoro in ɗansu ya ce zai karanta ilimin ƙasa a jami'a, suna tsammani zai dawo ya ƙaryata Littafin Farawa. Wanda ya aza harsashin wannan ilimi mai addu'a ne da azumi, bai kuwa ga cewa duba aikin Mahalicci da idon basira raini ne ga Mahaliccin ba.

Da zuriyar Medici ta ƙare, sarautar ta koma wani gida. Ran 21 ga Fabrairu 1775 Sarki Piyetro Leyopoldo ya tattara kayan ya buɗe gidan tarihi na ilimin halitta, wanda ake kira La Specola, ya ce kowa yana iya shiga, talaka da basarake. Wannan gida yana hannun Jami'ar Fulorans yanzu. Sashen duwatsunsa yana da samfuri wajen 50,000, cikinsu har da wani dutse mai daraja daga Barazil mai nauyin kilo 151.

Amma fa ko a 1775 ɗin, wanda ya kawo dutse ya ce daga sama ya faɗo, dariya masana za su yi masa. Sun ce babu duwatsu a sama, saboda haka babu abin da zai faɗo; ko tsawa ce ta bugi dutsen ƙasa, ko dutse mai aman wuta ne ya yi jifa, ko kuwa ƙauyawa ne da camfinsu. Daga baya, cikin shekara goma, abin ya juye. A 1794 wani Bajamushe, Ernest Kiladni, ya tattara shaidun mutanen da suka ga faɗuwar duwatsu, ya auna maganarsu kamar yadda alƙali ke auna shaida (da ma shari'a ya fara karantawa), ya ce gaskiya suke faɗa, duwatsun daga sararin samaniya suke zuwa. A watan Yuni na wannan shekara duwatsu suka zubo kusa da Siyena, kudu da Fulorans, a gaban mutane da yawa. Wani fada mai koyar da lissafi a jami'ar garin, Ambrojo Soldani, ya tattara duwatsun da maganar shaidu ya rubuta littafi. A 1802 wani Bature ɗan Ingila mai suna Edward Howard ya narkar da guntayen duwatsun da suka faɗo a ƙasashe dabam-dabam, ya tarar dukansu suna ɗauke da ƙarfen nikel, abin da ba kasafai ake samu haka a duwatsun ƙasa ba. Sa'an nan ran 26 ga Afrilu 1803 duwatsu kusan 3,000 suka zubo a garin Legil na Faransa da rana tsaka. Gwamnati ta aiki wani saurayi masani, Jan Batist Biyo, ya bi ƙauyuka yana tambayar manoma da fadoji da sojoji da mata da yara, ya ga bakinsu ya zo ɗaya. Bayan rahotonsa musu ya ƙare.

Daga nan jami'o'i suka shiga tara su. A Amurka abin ya fara ne da dutsen da ya fashe bisa garin Weston a jihar Konetikat da asuba, ran 14 ga Disamba 1807. Malamai biyu na makarantar Yale, Benjamin Silliman da James Kingsley, suka tafi wurin bayan 'yan kwanaki, sai suka tarar wasu manoma sun riga sun farfasa nasu da guduma suna neman zinariya da azurfa a ciki. Ba su sami kome ba, suka kuma lalata abin da ke hannunsu. Malaman suka tsince abin da suka iya samu, Silliman ya bincika ya rubuta. Guntu mafi girma da ya tsira ya shiga hannun wani mai tara duwatsu, a 1825 Yale ta sayi tarinsa duka. Yana gidan tarihin jami'ar har yau, ɗalibai suna ganinsa. Ikilisiya ma tana da nata tarin: wani basarake Bafaranshe ya ba Batikan duwatsun sama, matarsa ta ƙara da sauran a 1935, suna fiye da 1,000, 'yan ƙungiyar Jezuwit suna bincike a kansu a Kastel Gandolfo.

Mai karatu zai ce, mene ne amfanin ajiye dutse shekara 200 cikin akwati? Amsar tana kusa da mu, a ƙasar Katsina. Ran 3 ga Oktoba 1962 wani manomi yana cikin gonarsa kusa da dutsen Zagami, sai ya ji ƙara kamar aradu, iska ta buge shi, wani abu ya faɗi taku kaɗan daga inda yake tsaye ya haƙa rami mai zurfin kamu ɗaya da 'yan kai. Dutse ne mai nauyin kilo 18. Aka kai shi Kaduna, ofishin binciken ƙasa, aka sa shi a gidan ajiyarsu da sunan wurin da ranar. A lokacin nan babu mahalukin da zai iya faɗin inda ya fito. Sai a 1976 kumbo biyu na Amurka masu suna Viking suka sauka a duniyar Mars suka auna iskarta. A 1983 masana suka sami 'yar iska a kulle cikin wani dutse da aka tsinto a ƙanƙarar Antatika, suka ga daidai take da wadda Viking ya auna. A 1995 aka sami irin wannan iska cikin dutsen Zagami. Bayanin da masana suka bayar shi ne, wani babban dutse ya bugi Mars da ƙarfi har ya watso guntayenta sarari, suka yi ta yawo shekaru wajen miliyan 3, ɗaya daga cikinsu ya ƙare a gonar Bakatsine. Manomin nan ya tsaya kusa da wani yanki na wata duniya, shekara 7 kafin ɗan Adam ya taka wata. Da ya fasa shi yana neman zinariya, ko ya binne shi don tsoro, da ba a san wannan ba. An ajiye shi sama da shekara 30 kafin a sami na'urar da za ta iya yi masa tambayar da ta dace.

Sai dai labarin Zagami yana da ɓangaren da ba shi da daɗi. Daga baya wani ɗan kasuwar duwatsu Ba'amurke ya sami babban rabo daga jikinsa ta hanyar musaya, aka yanka shi ƙanana-ƙanana aka watsa cikin duniya, wasu a jami'o'i, wasu a gidajen masu kuɗi. A 1996 ma malaman Jami'ar Jihar Arizona sun sa wani ɗan ƙwayarsa cikin kumbon da aka harba zuwa Mars, watau suka mai da shi gida. Abin sha'awa ne, ban musa ba. Amma yaron Faskari ko na Funtuwa bai taɓa ganin dutsen ƙasarsu cikakke kamar yadda ya faɗo ba, ba kuwa zai gani ba.

Namu na Nijar an tsince shi ran 16 ga Nuwamba 2023, kimanin kilomita 90 yamma da Shirfa, can cikin hamadar jihar Agadas. Nauyinsa kilo 24 da gram 670. Cikin duwatsun sama sama da 77,000 da masana suka yi wa rajista, wajen 400 ne kawai suka fito daga Mars, wannan kuwa ya fi su duka girma. Wani rahoton masana na Italiya ya ce mutanen yankin ne suka sayar da shi ga wani dillali na ƙasashen waje. An aika da ɗan guntunsa gidan tarihin taurari na Shanghai a ƙasar Sin, can aka tabbatar da asalinsa, gama doka ce ta ƙungiyar masanan cewa ba a yi wa dutse rajista sai an ajiye wani yanki nasa a wurin da masu bincike za su iya samu. A 2024 an nuna shi a Roma, ya kuma zauna a wani gidan sayar da kayan ado a Arezzo. Malaman Jami'ar Fulorans suka bincika shi, aka bar musu yanka biyu. Ran 16 ga Yuli 2025 kamfanin Sotheby's ya yi gwanjonsa, ba a bayyana sunan mai saye ba, ba a bayyana na mai sayarwa ba.

Ko sunansa ma abin lura ne. Al'adar masana ita ce a kira dutse da sunan wurin da ya faɗi, shi ya sa sunan ƙauyen Zagami ke cikin littattafan jami'o'in duniya. Namu kuwa NWA 16788 ake kiransa, watau dutse mai lamba kaza na arewa maso yammacin Afirka, irin sunan da ake ba waɗanda suka fito daga hamada ta hannun 'yan kasuwa. Babu Nijar a ciki, babu Agadas, babu Shirfa.

Gwamnati a Yamai ta ce za ta bincika yadda dutsen ya fita, a watan Agusta 2025 kuma ta dakatar da fitar da duwatsu masu daraja da duwatsun sama daga ƙasar. Sotheby's ya ce an bi ƙa'ida a kowane mataki. Dokarmu ta 1997 ta kāre kayan gado ta ambaci samfurin ma'adinai, amma ba ta kira dutsen sama da sunansa ba, a nan ne gardamar lauyoyi take. Paul Sereno na Jami'ar Shikago, wanda ya yi shekaru fiye da 30 yana haƙo ƙasusuwan manyan dabbobin dā a hamadarmu, ya fito fili ya ce a maido da dutsen.

Ni dai ba zan ɗora laifi a kan wanda ya tsince shi ba. Na san yadda rayuwa take a arewa, na san abin da buhun hatsi ke yi wa mai iyali, mutumin da ba a taɓa gaya masa darajar abu ba kuma ba a ce ya yi wauta don ya sayar da shi da araha. Ba zan kuma ce jami'o'in Turai sun yi mugunta ba, gama yanka biyun nan na Fulorans da guntun Shanghai su ne kaɗai abin da ɗalibi zai iya roƙo a ba shi ya duba, sauran ya shige gidan da ba a san ƙofarsa ba. Abin da ke damuna shi ne, ko da an maido mana da shi gobe, sai mun tanadi inda zai kwana. Muna da Jami'ar Abdu Mumuni a Yamai, muna da gidan tarihi na Bubu Hama tun 1959, muna da malaman ilimin ƙasa 'yan ƙasa. Abin da tarihin Fulorans da Yale ya nuna shi ne, gini ba shi ne ke riƙe dutse ba. Mutum ne ke riƙe shi, wanda zai rubuta shi cikin littafi, ya hana a yanka, ya miƙa wa na bayansa, shi ma ya miƙa wa na bayansa, ko an sāke gwamnati, ko albashi ya yi jinkiri.

Wannan aiki na san shi, domin littafin baftisma na majami'armu yana hannuna. Sau da yawa mutum yakan zo daga nesa yana neman takardar aure, in buɗe littafin in sami sunansa da hannun wani katekis da ya rasu tun ban yi wayo ba, da ranar, da ƙauyen, da sunan iyayen baftisma. Na kuma taɓa samun shafin da gara ta cinye, mutumin yana tsaye a gabana, ba ni da abin da zan shaida masa da shi.

Saboda haka na gaya wa yaran ajina, na kuma roƙi iyayensu: wanda ya ga wuta ta keta sama da ƙara, ya kuma tsinci baƙin dutse mai nauyi fiye da kima, mai ɓawo kamar an ƙona shi, wanda mayen ƙarfe ke kamawa, kada ya fasa shi, kada ya wanke shi, kada ya kai wa boka. Ya rubuta ranar da wurin da sunayen waɗanda suka gani, ya sa takardar tare da dutsen cikin leda mai tsabta, a sanar da hukuma da malaman jami'a kafin dillali ya ji.

Gatarin aradun kakata yana wurina yanzu. Na kai shi aji na nuna wa yaran bakinsa da aka wasa da hannu, suka yi ta miƙa wa juna. Bayan haka na yanki 'yar takarda na rubuta sunan ƙauyenmu da sunanta da shekarar da ta rasu, na ɗaura masa da zare, na sa shi cikin kabad ɗin da littafin baftisma yake.